Abin da Kumfa Ke Ci

Torunn na da sikeli a ɗakin gwaji a Trondheim
wanda ke jin nauyin gashin ido.
In za ta auna, takan rufe ƙofarsa ta gilashi,
ta riƙe numfashi, kada iskar bakinta ta shiga lissafi.

Ƙarfen bai fi maɓallin riga ba.
Takan goge shi har ta ga ƙwayar idonta a ciki,
ta tsoma shi a tataccen ruwa, ba gishiri, ba laka,
ruwan da bai taɓa zama kogi ba.
Sai ta kunna na'ura.
Sau dubu ashirin cikin daƙiƙa guda
bakin na'ura na karkarwa, ruwa na yagewa,
ana haifar kumfa, kumfa na mutuwa,
kowace, in za ta mutu, sai ta kai naushi.

Awa ɗaya, shiru.
Awa uku, ƙarfe bai ce uffan ba.
Halinsa ke nan: yakan daɗe yana haɗiye duka
kamar dattijon da ba ya son a san yana ciwo.
A awa ta shida ya fara zubar da kansa,
miligiram biyu, huɗu, tara.
Ta ja layi a takarda, layin ya hau tudu.

Cikin ƙarafa bakwai, na huɗu ya fi taurin kai.
Ta sa hannu, aka buga hatimi.
Aka ƙera farfela da shi, mai nauyin mota uku,
aka kai ta cikin dutse, can arewa,
inda ruwan ƙanƙara ke faɗowa ya zama haske a ɗakunan mutane.

Shekara biyu.
Sai ga wayar Eilif, mai kula da injin,
murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa:
"Ki taho da takardarki. Ki taho da tocila."

Da rarrafe ta shiga cikin injin, sanyi na cizon gwiwa.
Ya kama hannunta ya ɗora a bayan fiffike.
Zanzana.
Ramuka kamar gara ta kwana a ƙarfe,
wani ma ya haɗiye ɗan yatsanta har gaɓa.
"Da dare," in ji shi, "sai ki rantse tsakuwa muke niƙa.
Na huɗun naki ke nan."

Ta ce, "Ban yi ƙarya ba."
Ya ce, "Wa ya ce kin yi?"
Ya ɗebo ruwa a kofin shayinsa, ya haska:
garin dutse na yawo a ciki, fari-fari,
niƙan da ƙanƙara ta fara tun kakanninsu ba su zo ba.
"Ruwan naki ya san wannan?"

A jirgin ƙasa ta tuna wasiƙar Grenoble ta bara:
ƙarfe ɗaya, ƙa'ida ɗaya, na'ura iri ɗaya,
amma lambarsu ta kusa ninka tata.
A lokacin cewa ta yi hannunsu ne ya yi rawa.
Ƙila su ma hannunta suka zarga.

Sikeli bai cuce ta ba.
Tambayar kofi ta yi masa, ya ba ta amsar kofi.
Ita ce ta matse shekara goma cikin awa goma
ta ɗauka ba abin da ya zube a hanya.

Ran Litinin ta ajiye kwalbar ruwan kogin a kan taga,
lakar ta kwanta a ƙasa kamar wadda ba ruwanta.
Ta goge sabon maɓalli, ta rufe gilashi, ta riƙe numfashi.
Ƙarƙashin lambar ta ƙara layi da ƙananan baƙaƙe:
a wannan ruwa, a wannan ɗumi, a waɗannan awowi.
Shugabanta ya ce masu saye ba sa son irin wannan layin.
Ta bar shi.

Can arewa Eilif na durƙushe da sandar walda,
yana cike ramuka ɗaya bayan ɗaya,
kogi a bayan ƙofa yana jira a buɗe.