Matakala Ta Uku

Ni kafinta ne, ba kallo ya kawo ni ba.
Matakala ta uku ce ta ruɓe, aka kira ni
gidan nan na bisa tudu, mai fuskantar kogin Ohio.

Odessa ta tarbe ni, makullai na kaɗawa a ƙugunta.
Ta ce, "Lemuel, ka gyara, amma kar a ga gyara."

Na bi ta ɗaki-ɗaki.
Ga teburinsa, tawada ta bushe a kwalba,
tabarau a kan jarida, kamar yanzu ya tashi.
An kewaye kujerarsa da jar igiya.
Ga shi a bango, gemu har ƙirji,
mutumin da ya shekara arba'in
yana gaya wa masu bayi abin da kunnensu ya ƙi.
'Yan makaranta suka ratsa mu suna taunar cingam,
wani na tambaya ko akwai fatalwa.

Da ƙafa ta ɗauke, na durƙusa na ɓanɓare katakon.
Sanyi ya bugi fuskata, da warin tsohuwar ciyawa.
Ashe rami ne.
Na zura ma'auni: tsawo ƙafa biyar da rabi,
faɗi bai cika biyu ba.
In aiki ya yi wuya nakan ƙera akwatin gawa,
don haka awon ba baƙona ba ne.

A jikin gungumen ciki an karta layuka,
da bakin cokali, ko da farce.
Goma sha ɗaya.
An fara na sha biyu, ba a ƙarasa ba.

Kakata takan ce tushenmu mace ce
da ta haye kogin nan kwance a kwalekwale,
an lulluɓe ta da taru.
Inda ta kwana bayan nan, ba wanda ya sani.

Na kira Odessa. Ta daɗe tana haska tocila.
Ta ce littafin gidan ya rubuta kuɗin kyandir,
kuɗin gishiri, har na takalmin doki,
amma ba sunan baƙo ko ɗaya.
A zamanin, rubuta suna miƙa wuya ne.

Na datsa sabon katako, na shafa masa toka ya tsufa.
Na mayar da kowace ƙusa raminta.
Sai dai ta can gefen bango
na bar 'yar tsaga, kaurin bakin wuƙa,
don iska ta riƙa shiga.