Akwatin Fentin Tabitha Garbutt

A Whitby, wata Talata mai yayyafi,
aka miƙo min shi a ɗakin ajiyar kayan tarihi:
ki ƙirga abin da ke ciki, ki rubuta.
Baƙin katako, bai fi tafin hannu biyu ba,
marfinsa na nishi kamar gwiwar tsohuwa.

Gurabe goma sha biyu, dunƙulen fenti tara.
Ukun da suka ɓata, ko ɓera, ko jika mai ƙiriniya,
ba wanda ya rage da zan tambaya.
Ga burushi na gashin kurege, ya yi sanƙo,
ga ɗan kasko fari inda launuka ke gaisawa.

Jar ƙasa ta sha wuya.
An kwashe ta har gindi, rami a tsakiya
kamar turmin gidan yawa.
Rufin gidajen masunta ne ya cinye ta,
ɗaya bisa ɗaya, daga bakin gaɓa har kan tudu.
Kusa da ita rawaya, ta yashi da hasken taga,
sai ruwan ƙasa mai duhu, tawadar wata halittar teku,
don igiya, da kwalta, da gindin jirgi mai ruɓewa.

Ja mai tsada, wanda ake matsowa daga ƙwari,
ko gefensa bai lotsa ba.
Na bi zanenta talatin da ɗaya ina nemansa,
na same shi sau guda: ɗigo a wuyan wata mata
tsaye kan matakala, ta ba mu baya,
tana duban inda jirage ke ɓullowa.

Kore babu. Haɗawa take yi.
Fari ma babu, takarda ce farinta.
Inda kumfa za ta fashe, inda tsuntsu zai gifta,
sai ta ɗage hannu, ta bar wurin.
Ashe a sana'ar nan
akwai launin da ba a samu sai da ƙyalewa.

Sai na zo gurbi na bakwai.
Shuni.
Ban ce daga marinarmu ya fito ba,
amma jini ba ya ɓuya.
Kakana marini ne a Kura,
har aka yi masa wankan ƙarshe farcensa bai yi fari ba.
Abin da ya ɗaure garin ya zama dunƙule kuma
ƙaro ne, da 'yar zuma,
ƙaron da muke ɓantara a jikin ƙaya muna yara,
ya liƙe mana a haƙori muna dariya.
Dubi inda muka haɗu, ni da kai,
a garin da rana ke rowar fitowa.

A zauren ƙasa akwai babban zanenta.
Baƙi kan tsaya su ce, kai, faɗuwar rana!
Sama ja-ja, teku kamar an zuba jan kanwa.
Ranar da muka cire katakon da ya kewaye shi
sai ga siririn layi a gefe, inda haske bai taɓa kai ba:
shuɗi mai toka, nauyin hadari.
A baya, da fensir, rubutunta ƙanana:
safiya, ruwa na tafe.
Shekaru sun tsotse shunin sun bar jar ƙasa,
mutane na yabon magaribar da ba ta zana ba,
ita kuwa tana kwance kan tudu, ba bakin gyarawa.

Takardar aiki na da gurbi: halin da kaya ke ciki.
Na rubuta, ya bushe, ya tsage.
Sannan na waiwaya, na zare safar hannu,
na ɗiga ruwan kofina a kan yatsa,
na taɓa na bakwai sau ɗaya tak.
Shekara ɗari da sittin yana barci,
bai ko yi miƙa ba, ya tashi.

A motar komawa gida na dunƙule hannu cikin aljihu.
Ƙarƙashin farcena akwai safiyar Tabitha,
kuma a waje, ruwan na ta zubowa.