Aikin Dare a Malargüe

Kwana huɗu babana Nicanor yake yi
kafin ya kai awakinsa makiyayar rani a tsaunukan Andes.
Da gurguwar akuya yake auna tafiya:
in ba ta iso ba, garke bai iso ba.

Ni kuwa Eulalia, autarsa,
ƙarƙashin wani farin faifai nake kwana,
faɗinsa mita talatin da biyar,
kunne guda da aka kafa a jeji
don sauraron kumbon da ya bar gida tun ina sabuwa a aiki.

Ranar Lahadi, yana zuƙar shayin mate, ya ce,
"Abin nan naku, wane irin mai yake sha?"
Na ce, Baba, injinsa a kashe yake.
Ya ajiye ƙoƙon. Ya dube ni
irin duban da yake wa mai sayen fata.

Tashin farko ne mai wuya, na ce.
Kilomita takwas duk daƙiƙa,
sai ka yi ta faɗuwa kana kewaya duniya, ba ka taɓa ƙasa.
Sha ɗaya da ɗoriya, tsinkewar igiya ke nan.
Can babu iskar da za ta riƙe maka riga,
babu yashi, babu ƙaya.
Abin da aka tura ya tafi, ba ya neman a ƙara tura shi.

"In yana son ƙari fa?"

Sai ya ara.
Ya raɓa ta gefen Zuhura, ta jawo shi,
ta wulwula shi kamar dutse a majajjawarka,
ya fita da gudun da bai shigo da shi ba.
Ita ko a jikinta.

"Ɓarawo dai," in ji shi, har da tari don dariya.
Amma da na zana masa hanyar da yatsa a toka,
lanƙwasa bisa lanƙwasa, ba inda ta miƙe,
sai ya gyaɗa kai.
Akuya ma ba ta hawa dutse kai tsaye.

Yanzu ƙarfe uku na dare.
Iskar zonda tana dukan ginin, Fermín yana gyangyaɗi a kujera.
Wani siririn layi kore yana rawa a allo.
Daga yadda muryarsa ke ƙara kauri
nake gane nisan da yake yi mana,
kamar odar mota da ta wuce ka a titi.
Kafin in haɗiye kurɓi ɗaya
ya cinye kwana huɗun Baba.

Duk da haka, in tauraro mafi kusa ya nufa,
shekaru dubun dubata ne a gabansa.
A wannan garken, shi ne gurguwar.

Gaisuwarsa minti arba'in take yi a hanya,
kafin in ji ta, ya daɗe da barin wurin.
Baba ya hau tsauni tun shekaranjiya.
Waya ba ta kamawa a can.
Sai mako mai zuwa, in motar gari ta sauko,
direban zai ce mini ya gan shi,
ko bai gan shi ba.