Rana Biyu Gare Mu

A nan Colchani rana biyu gare mu.
Ɗaya tana sama, inda kowa ya san ta,
ɗayar kuwa ƙarƙashin takalmi take,
cikin gishirin nan da ba shi da gaɓa,
fari fat har inda ido ya gaji.
Malafa tana tare ta saman.
Ta ƙasan fa, wa ya taɓa saƙa mata malafa?

Shekara arba'in da ɗaya ina tara gishiri
tsibi-tsibi, da diga da shebur,
ni Teodosio, ɗan gidan Ayaviri.
Mahaifina gawayi yake shafawa ƙarƙashin ido,
ya naɗe fuska da ƙyallen ulu,
ya bar 'yar tsaga kamar bakin asusu.
Duk da haka, a ƙarshen kwanakinsa
da tafin hannu yake neman ƙofar ɗakinsa.

Na ce ni ba zan bi sawunsa ba.
Ran kasuwar Uyuni na tsaya gaban wani tire,
na zaɓi tabarau baƙi ƙirin,
kuɗinsa bai kai na kwanon miya biyu ba.
Na maƙala, na leƙa madubin wata mota,
sai ga ni kamar matuƙin jirgin sama.

Shekara shida ina fama da shi.
Ashe idona ya ɗauka magariba ta yi,
ya buɗe ƙyaurensa wangale,
ɓarawon haske yana shiga ba sallama.
Da dare sai ka ce an watsa mini yashi.
Casilda ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗora,
tana faɗa, tana matsewa, tana sake ɗorawa.
Wani jan nama kuma ya taso daga gefen hanci
yana rarrafe, yana neman baƙin idon.

Likitar Potosi ba ta yi dogon zance ba.
Ta karɓi abin alfaharina ta sa a wata 'yar na'ura,
ta juyo mini da allon, kamar na iya karanta shi.
Ta ce, baba, wannan inuwar ƙarya ce.
Duhun gilashi ba shi ne garkuwa ba.
Hasken da ke ƙona ka, ba ka ganinsa,
kuma wannan bai tare shi ba ko kaɗan.
Na tuna kwanon miya biyu, na yi shiru.
Araha dai ba ta ado.

Nelida, 'yata mai tuƙa baƙi kan gishiri,
ita ta kawo nasa naɗe cikin safa.
Bai kai tsohon baƙi ba, ruwan shayi ne launinsa,
ya lanƙwaso har wajen kunne,
ya zauna daram kan kumatu,
ya toshe wa ranar ƙasa hanyarta.
A hannunsa an rubuta UV400,
likitar kuma ta gwada, ta ce rubutun bai yi ƙarya ba.
Na tambayi kuɗinsa.
Nelida ta hau ba ni labarin tayar motarta.

Bana da ruwa ya kwanta kan gishiri
sama ta sauko ta shimfiɗe ƙarƙashinmu,
na fita da jikana Isidro,
shi ma da nasa ƙarami, ɗaure da zare a ƙeya.
Idon hagu rabinsa ya riga ya tafi,
ba tabarau da zai je ya dawo da shi.
Na daman kuwa ya ƙirga mini tsuntsaye masu jan fiffike,
goma sha bakwai a sama,
goma sha bakwai a ƙasa.

Tsohon ban jefar ba.
Yana can fuskar mutum-mutumin gonar Casilda,
ya yi masa kyau ƙwarai,
shi da ba shi da idon da zai rasa.