Abin da Dodanniya Ke Dafawa

Daren Asabar a Obalende,
bene na biyu, bisa shagon tela,
janareton maƙwabci yana tari kamar tsoho,
mu huɗu mun kewaye tebur mai ɗingishi.
Folake ce mai riƙe da labari.
Ta zana duniya a bayan takardar siminti:
nan kogi, nan daji, nan kogon dodanni.
Ni jan marfin lemo ne, maharbi.
Chidubem marfin ruwa, mai takobi.
Lantana ta tsinke maɓallin riga ta ce ga bokanya.

Muka shiga kogon.
Folake ta rage murya:
"Ga dodanniya tsugune gaban murhu,
ɗanta a goye, haƙora biyu sun fara leƙowa."
Chidubem ya turo mini ƙwaya mai fuska ashirin.
"Jefa, malam. Littafi ya ce mugaye ne tun a ciki.
Shafi na tamanin da uku, baƙi a kan fari."

Ƙwayar ta yi sanyi a tafina.
Ranar Laraba na je neman ɗaki a Yaba.
Mai gidan ya amsa gaisuwata hannu bibbiyu
har ya ji sunana,
sai ɗakin ya zama an riga an kama.
Shi bai buɗe littafi ba,
amma ya san shafina.

Na ce, "Folake, me take dafawa?"
Ta juya takarda, ta sake juyawa.
Akwai tsawon faratanta, akwai nauyin kulkinta,
akwai zinaren da za a tsinta a gawarta.
Ba a rubuta tukunya ba.

Chidubem ya dafe kai.
"Kwana biyar ina gasuwa a cunkoson gada,
kwandasta ya cinye canjina, oga ya ci mutuncina,
ban ɗaga wa kowa hannu ba.
Ku bar mini maƙiyi guda ɗaya
wanda zan sara in yi barcina."
Wallahi na ji shi.
Ni ma nakan so duniya mai layi a tsakiya,
mu nan, su can, babu tambaya.

Lantana ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Na ce albasa fa, ta yi halin ruwa?
Ta ce hali zanen dutse.
Na ce wa ya riƙe ƙusar?
Wataƙila wani ne a gari mai sanyi,
yana sauri ya cika shafi kafin a tashi daga aiki,
ya rubuta "mugu" don kalmar gajera ce,
ya tafi gida ya rungumi 'ya'yansa.

Folake ta rufe littafin,
ta ɗora kofin shayi a kansa.
"Wake take dafawa. Gishirinta ya ƙare."
Na jingine baka, na kwance ƙullin gishiri,
na jefa ƙwaya: sha ɗaya.
Dodanniya ta shinshina, ta barbaɗa, ta zuba mana,
ta nuna mana inda kogi bai kai gwiwa ba,
muna barci kuma ta sace jakar Chidubem.

"Kun gani?" Ya buga tebur, marafa suka yi tsalle.
Lantana ta ce, "Kwandastanka ma haka ya yi,
kuma ban ji ka ce yana da ƙaho ba."

Sha ɗaya da rabi man janareto ya ƙare.
Muka lalubi marafa a duhu muka zuba a gwangwani,
ban san wane ne ni ba, wane ne ita.
A gindin gada, gaban mai tsire,
Chidubem ya ce mako mai zuwa zai koma kogon,
da takobi ko da ciniki, bai yanke ba tukuna.
Folake ta ja hannun rigata:
"Kai ka jawo, sai ka raɗa wa yaron suna."

Na shiga danfo, na matsa jikin taga,
har Oshodi ina gwada sunaye a baki.