Fenti Bisa Fenti

An kira ni in kankare allon lamba sha ɗaya.
Na jingina tsani da bango,
gwiwa ta yi ƙara, ta ƙirga mini shekaruna.
Yayyafin Yorkshire bai san gajiya ba,
kuma babu wanda ya leƙo ta taga.

Na sama ruwan toka ne, aikin hannuna:
Gidan Shayin Philippa.
Ta zo daga birni da kofunan tangaran
da littafin girkin kakarta.
Bazara uku tana ciyar da masu hawan tsauni,
ƙanƙarar shekara ta huɗu ta lashe ribar.
Ta zura makulli a ambulan,
ba ta yi sallama da kowa ba sai kyanwar maƙwabta.

Ƙarƙashinsa shuɗi.
Harbans Gill, jaridu da kaset na haya.
Shi ke kunna fitilar farko a titin nan,
tun kafin tumaki su motsa a kan tudu.
Ya san wanda ke karanta labarin ƙwallo,
ya san wanda ya daina sayen jarida
tun ranar da aka binne matarsa.
Yakan kai masa har gida, ya ce ta yi kwantai.

Na ƙara danna wuƙa, sai kore ya fito,
koren banki, Talata da Alhamis kawai.
Manoma kan goge taɓon takalmi sau biyu a ƙofa,
su cire hula saboda yaron da ya yi jika da su.
Nan mahaifina ya sa hannu a kan bashin mota,
ya fito yana fito da baki,
bai yi barcin kirki ba har shekara biyar.

Daga nan na rage ƙarfi,
don na san abin da ke tafe.
Haruffan ruwan zinare, masu jela kamar ta zakara:
Ottilie Garbutt, Yadi da Zare.
Rubutun mahaifina ne.
Ina ɗan shekara bakwai na riƙe masa gwangwani,
ya ce, "Kar ka yi numfashi sai na gama wannan baƙin."
Har yau idan zan ja layi
sai na riƙe numfashi.
Ma'aunin tagulla na nan a kan kanta,
wanda aka auna labulen uwata da shi,
da baƙin yadin da muka sa ranar jana'izarta.

Can ƙasa fenti ya ƙare, sai itace tsirara,
da suna sassaƙe: Raine, Mahauci.
Duk wanda ya ci namansa ya riga mu gidan gaskiya.
Ƙugiyoyinsa shida ne suka ƙi tafiya,
suna rataye a rufi,
sun ga yadi, sun ga kuɗi, sun ga kek,
ba su ce komai ba.

Sababbin masu gidan daga Leeds suke.
Masaukin 'yan hutu za su yi,
kwana biyu, kwana uku, baƙo ya wuce.
Makulli zai zauna a ɗan akwati mai lambobi,
ba mai miƙawa, ba mai karɓa.
Na ce wane suna zan rubuta?
Matar ta ce, "Ba suna. Fari kawai."
Ta ɗaga kai ta ga ƙugiyoyin, ta yi murmushi,
wai za su yi kyau da fitilu.

To, mai kuɗi shi ke da allo.
Na shafa farin, amma ban cika hannu ba
a kan harafin farko na Garbutt.
Idan rana ta karkata da yamma
mai ido zai hango jelar zinare.

Da na sauko, na taka dokin ƙofa,
dutsen da ƙafafu suka ƙwaƙule masa ciki
har ya zama ɗan kasko.
Ruwa ya taru a ciki.
Na matsa gefe da tsanina,
wani ɗan tsuntsu yana jira ya sha.