Tsakanin Ƙarafa Biyu

A ajinmu akwai ƙwarangwal na roba
rataye a ƙugiya kusa da taga.
Mun raɗa masa suna Ɗanliti.
Ba ya jin sanyin Jos, ba a bin sa kuɗin makaranta,
mu kuwa muna hura tafin hannu
muna haddar ƙashi ɗari biyu da shida
da sunayen da harshe ke tuntuɓe a kansu.

Kakana maɗori ne a Gangare.
Bai san sunan ko ɗaya ba.
Yatsunsa ne ke karatu:
ya shafa, ya yi shiru, ya ja, ka ji ƙas,
sai kara da tsumma da tofi.
Da na ce masa gashi zan koyo a makaranta
ya yi dariya har hularsa ta zame:
"Na nama ko na masara?"

Zango biyu muna kan takarda.
Jijiya daga ina ta taso, ina ta sauka,
gwiwa iya ina take lanƙwasa,
minti nawa tawul mai zafi zai yi a gadon baya
kafin magani ya koma ƙuna.
Sau ɗaya na faɗi jarrabawar kafaɗa.
Kafaɗa ba ta da alƙibla, ta ko'ina juyawa take.
Na gwada a jikin Nanret, ta gwada a nawa,
har kowa ta san inda 'yar'uwarta ke cewa wash.

Sai aka tura mu Lamingo,
farar riga, kati a wuya.
Madam Chundung ke rubuta tsari,
ni ke bi da ƙirga.
Aka ba ni Baba Davou, gado na bakwai.
Shekara talatin yana haƙar kuza a Bukuru,
hannun da ya fasa dutse
yau cokali ya gagare shi.
Ɓarin dama ya tafi bai yi sallama ba.
Kullum safiya in ɗaga ƙafar, in naɗe, in miƙe,
goma, hutu, goma,
yana kallon silin yana gunaguni da Birom,
ina amsawa da sannu Baba,
ko yabo ne ko zagi, oho.

Laraba ta mako na shida
muka tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu.
Gwiwarsa na rawa irin ta maraƙin da aka haifa ɗazu.
Na kai hannu hammatarsa.
Madam ta kama wuyan hannuna, ba ta ɗaga murya ba:
"Kusa, Ladidi. Kusa kawai. Kar ki taɓa."

Wannan bai fito a jarrabawa ba.
Ɗanliti bai taɓa tangaɗi a gabana ba.
Na tsaya da tafi a buɗe,
tazarar yatsa biyu daga rigarsa,
numfashina a riƙe kamar bashi.

Silifas ya ja ƙasa. Ɗaya.
Ƙarfen ya yi ƙara a ƙarƙashin damtsensa. Biyu.
Na ukun bai cika ba,
ya zube a keken da na turo bayansa,
gumi na tsatsafo masa a wannan sanyin.
Ya dube ni, karon farko da Hausa:
"Gobe huɗu."

Da yamma na sauka a Terminus
na taka da ƙafa har gida,
ina jin kowane taku nawa kamar baƙo.
Na tarar da kaka a kan buzu, na ba shi labari.
Ya daɗe yana murza carbi.
"Mu ɗauri muka gada," ya ce,
"ba a koya mana saki ba."

Na ɗauko littafi, Juma'a akwai gwajin tafin ƙafa,
ƙashi ashirin da shida a ɗan wurin nan.
Ban kai shafi biyu ba
na ji ya yi gyaran murya.
Ya janye bakin wandonsa a hankali,
ya miƙo mini gwiwar hagu,
wadda ya ɓoye wa kowa tun damina.